Fatar da Aka Manta a Ƙasan Rami

Tasi'u ƙanena, jiya da ake maganar dokar nan a rediyo, wadda ake so a kawo don rage cunkoso a gidan yari, a daina haɗa mai ƙaramin laifi da mai babba, na ji ka ce ai sakin ɓarayi za a yi, kuma duk wanda aka kulle shi ya jawo wa kansa. Ban tanka ba saboda akwai baƙi. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Ni bokona bai yi nisa ba, ban san abin da ke cikin takardun dokar ba. Bari dai in ba ka misali, ka auna da kanka.

Wani majemi ne a bayan gari, yana da rami guda inda yake jiƙa fatu cikin ruwan toka, don gashi ya saki a kankare. Kowace fata da kwanakinta. Fatar shanu mai kauri ce, takan daɗe. Ta ɗan akuya kuwa kwana biyu ya ishe ta, in ta zarce sai toka ta gama da gashi ta koma cin fatar. Wata tsohuwa ta kawo masa fatar ɗan akuyarta ja, wanda ta yi kiwonsa da dusa a ƙofar ɗakinta. So take a jeme, baduku ya ɗinka mata gafaka, don Alƙur'anin marigayi mijinta rubutun hannu ne, falle-falle, da tsumma take ɗaure shi. Majemi ya jefa fatar a rami, ya ce ta dawo jibi. Ashe jibin nan ranar Babbar Sallah ce. Fatun layya suka yi ta zuwa, a ka, a jaki, a baro. Bai mayar da kowa ba, bai kuma haƙa rami na biyu ba. In an kawo ya jefa a sama, ya tattake da ƙafa, ya danne da dutse. In zai cire kuwa, wadda hannunsa ya fara kaiwa yake ɗauka. Ya cire uku, a kawo biyar. Mahauta masu baki sukan tsaya masa a ka har sai ya zaƙulo nasu. Ita tsohuwa ba ta iya hayaniya ba. Duk ranar kasuwa sai ta dogaro sandarta ta zo, ta tsaya bakin rami ta toshe hanci da gefen mayafi. Shi kuma ya ce, "Iya, tana ciki ai, ba ta ɓata ba. Ba a zo kanta ba ne tukuna." Kuma gaskiya ya faɗa. Ba mugu ba ne, bai taɓa cin fatar kowa ba.

Sai da wari ya hana maƙwabta zama a ƙofar gida, suka matsa masa, sannan ya kwashe ramin har ƙasa. Fatun tsakiya, da ruwan toka bai ratsa su ba saboda matsi, sun ruɓe sun yi tsutsa. Can ƙasa cikin laka ya tarar da 'yar jar fatar, nauyin fatun shanu duk a kanta. Ya sa hannu biyu ya ɗago ta a hankali, sai ta rabe masa kamar jiƙaƙƙiyar takarda, rabi a hannun dama, rabi a hagu. Tsohuwa na tsaye tana kallo. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗan nan, gashi kaɗai na ce ka cire." Ta juya ta koma gida ta ƙara ɗaure Alƙur'anin da tsummansa. Damina ta kama, ɗakinta na yoyo, in hadari ya taso sai ta rungume shi a ƙirji ta ba ruwa baya.

To Tasi'u, ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ka san abin da ya kai shi gidan yari. Faɗa aka yi a tasha ya fasa gilashin mota. Laifi ne, ban ce bai yi ba, a hukunta shi daidai laifinsa, ko shara ce a ba shi ya yi. Amma damina uku ke nan yana jiran a kai shi gaban alƙali, kullum ba a zo kansa ba. Ranar Asabar na kai masa ƙuli-ƙuli da garin kwaki. Ya ce barci ma bi da bi suke yi, wasu a tsaye wasu a kwance. Hannayensa duk ƙazwa, ga tari, kuma har na taho bai dubi fuskata ba. Yaron da ba ya iya fita sai ya durƙusa ya gaishe ni. Ba ranar fitowarsa nake tsoro ba, tsorona abin da za a miƙo mini ranar. An ce wurin gyaran hali ne, ni ma gyaran nake so. Amma Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira, an rasa ido.