Awon Hannun Dama

"Damƙe totur ɗin mu gani," in ji mai shago. "Robar da tafin hannu zai danna yatsu su huta, sai an auna. Mai faɗi ko siririya?"

Mai babur ya dubi hannunsa. An daɗe yatsunsa na dama suna mutuwa a kan hanya, bai gaya wa ko matarsa ba. Da hannun nan gidan ke ci. Yau ko safar hannun da ke rufa masa asiri ta ɓata.

Ya damƙa. Yatsun suka ƙi haɗuwa.

Mai shago ya kau da kai, ya jawo wani ƙunshi.

"Bar shi, Malam. Mai ɗakinka ta riga ka zuwa da awon."

Roba ce mai faɗi, cikin safarsa ta dama.