Ɗaki Takwas a Cikin Lungu

Mai Walda ya tsufa, idonsa ya gaji da hasken wuta. Ya tattara abin da ya samu a sana'a, ya ce gidan haya zai saya ya zauna ya huta.

Dillali ya nuna masa gida biyu, kuɗinsu ɗaya. Na farko ɗaki uku ne a bakin titi, da famfo a tsakar gida. Na biyu ɗaki takwas ne, can cikin wani lungu da ko amalanke sai an karkata ta take wucewa. Wayoyin lantarki sun sarƙe a sama, kowa ya jona tasa yadda ya ga dama.

Matarsa ta ce, "Malam, unguwar nan ba ta kwanta mini ba. Mota ba ta shiga, ruwa sai an fita titi."

Ya ce, "Mota zan ba haya ko mutane? Ke takwas da uku ɗaya ne a wurinki?"

Ya sayi na lungu.

Ba a jima ba ɓarayi suka fara ziyara. Wani tela da ya kama ɗaki ya wayi gari babu keken ɗinkinsa. Ya kawo makulli ya ce, "Baba, ga kayanka. Gara in kwana a shago." Sauran 'yan haya suka bi bayansa.

Mai Walda ya fusata. "Ni da nake ƙera wa mutane ƙofa, ni ɓarawo zai kora?" Ya kwaso rodi ya liƙe kowace taga, bai bar mabuɗa ba. Ya cire ƙofofin katako ya kafa na ƙarfe masu kauri. Aiki ya yi kyau, amma ba wanda ya zo neman ɗaki.

Sai ya kira 'yarsa. Mijinta direban babbar mota ne, yakan daɗe a hanya. Suna da yaro guda, ɗan shekara uku, mai kiran kakansa tsoho mai ran ƙarfe, ya ruga ya ɓuya bayan uwarsa.

Ya ce mata, "Ku bar biyan haya ku koma gidana na lungu. In aka ga 'yar mai gida a ciki, mutane za su shigo."

Ta ce, "Baba, daga ni sai yaron nan fa. Ba kowa a gidan."

"Bayan ƙofar da na ƙera da hannuna kike jin tsoro?"

Ba ta saba musu da ubanta ba. Ta tare.

Wata rana da tsakar rana ruwa ya ƙare mata, yaro yana barci. A wata unguwa da sai ta ja labule ta ce wa maƙwabciya ta sa ido. A nan babu maƙwabciya, kuma ba a barin ƙofa a buɗe. Ta murza makulli, ta ɗauki jarka ta fita titi.

Tana cikin layin famfo ta ga hayaƙi. Waya ce ta yi tartsatsi a saman rufi, silin ya kama.

Ta yar da jarka ta ruga. Ƙofa ta yi zafi ta kumbura, makulli ya ƙi juyawa. Maza suka zo da guduma da taɓarya, ƙarfe ko gezau. Suka koma taga, rodi ya tsare su. Motar kashe gobara ta iso, ta tsaya a bakin lungu, mesarta ba ta kai ba.

Aka kira Mai Walda. Ya zo da injin yankan ƙarfe, babu inda zai jona, waya ta ƙone. Ya karɓi zarton hannu ya kama rodi. Yana jin yaron yana kiran uwarsa. Bai gama yanka na farko ba kiran ya tsaya.

Bayan an kai yaro makwancinsa, 'yar Mai Walda tana zaune a ɗakin uwarta, an naɗe mata tafin hannu biyu da bandeji. Uban ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ki yi haƙuri."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baba, ƙofarka ta yi ƙarfi."

Tun daga ranar bai sake riƙe kan walda ba. Gida yana nan, an rasa mai haya, an rasa mai saye.

Jama'a, wanda ya sayi gida ya sayi unguwarsa. Kafin ka ƙirga ɗakuna, dubi hanya, dubi ruwa, dubi waya, ka tambayi mazauna wurin. Wurin da baƙo ya guje wa, kada ka kai naka.