Sifirin Mai Laushi

Mai gareji yana ƙarƙashin wata tasi ya ji ƙugin motar Dogo. Ba sai ya leƙo ba. Duk unguwar babu mai irinta: tsohuwar motar shiga daji, an ɗaga ta sama, an saka mata tayoyi kamar na tarakta. Shi ya ɗaga ta da hannunsa, tun su biyun ba su fara furfura ba.

Dogo mai haƙa rijiyar burtsatse ne. Motarsa ta saba da bututun ƙarfe da duro-duron ruwa, shi ya sa aka ɗaura mata sifirin masu tauri, waɗanda in babu kaya sai su yi ta jifa da mutum kamar ƙwallo.

"A cire su duka," in ji Dogo, ya jawo benci ya zauna. "Masu laushi nake so. Akwai mara lafiya a gidana. Likitoci sun ce abin da ya rage sai a koma gida."

Mai gareji ya ajiye sifana. Ya sha ganinsu suna wucewa ta hanyar asibiti, Dogo da matarsa, ita rungume da ledar magani, duk ta rame, idanunta sun faɗa. Bai taɓa tambaya ba, don ya san abokinsa da zurfin ciki.

"Yaya uwargidan?" ya ce a hankali.

"Tana ta ƙoƙari."

Gidan da Dogo yake nufi ƙauyensu ne shi da ita, can bayan duwatsu, inda kwalta ke ƙarewa a bar mutum da ramuka da kwazazzabai. Ko mai lafiya in ya bi hanyar sai ya kwana yana gasa baya.

Aka ɗaga motar da jak har tayoyin suka yi reto, mai gareji ya auna. Aka sauke, aka danne ta, ya sake aunawa. Irin shokazobar da Dogo yake so don shanye girgizar hanya, mai sifirin naɗe a jikinta, ba a sayenta da ka. In ta yi gajarta, taya za ta rataye a iska a bakin rami. In ta yi tsawo, za ta tokare ta doki ƙashin wanda ke ciki. Taurin sifirin kuwa, nauyin da motar za ta ɗauka shi ke yanke hukunci.

"Mutum nawa?"

"Biyu. Ɗaya a gaba, ɗaya kwance a baya."

Suka cire kujerun baya, suka shimfiɗa katifa. Dogo ya ce a ƙara katako a ƙarshenta, kada ƙafa ta taɓa ƙofa. Mai gareji ya ga tsawon ya yi yawa, amma ya ƙara katakon. Wanda ke jinya ba a yi masa gardama.

Da aka zo awon nauyi, Dogo ya sa aka ɗora buhun yashi a kujerar direba, shi kuma ya hau baya ya miƙe.

"Ka fi ta nauyi fa," in ji mai gareji. "Abin da ya yi maka daidai, ita zai yi mata tauri."

"Bar shi haka. Ina so in ji abin da za a ji."

"To ai kai ma ba sauran nauyin. Ina ka kai tumbin nan da muke tsokana?"

Dogo ya yi dariya har da tari. Mai gareji ya girgiza kai, a ransa yana cewa jinya ta fi ciwo cin mutum.

Sifirin farko da suka gwada ya yi tauri, kofin ruwan da suka ajiye a kan katifa ya kife tun a ramin farko. Na biyu ya yi laushi da yawa, bayan motar ya zauna kamar tsohuwar akuya. Mai gareji ya zaga kasuwar kayan mota shago-shago har ya samo na tsakiya, ya ɗaura, ya yi ta murɗa zoben da ke daidaita tsayi, yana hawa yana sauka. Yana cikin haka Dogo ya roƙe shi ya zuba baƙin mai a layin kujerar direba, wadda tsatsa ta kama don ba a taɓa matsar da ita ba.

Ranar gwaji mai gareji ya karɓi tuƙi, ya bi hanyar masu fasa dutse, wadda ta fi kowace muni. Motar ta riƙa haɗiye ramuka tana lilo a hankali.

"Yaya ka ji?" ya tambaya.

Ya waiga, sai ya ga Dogo ya yi barci, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci.

Da za su rabu, Dogo ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, bai damu da baƙin man da ke shafar rigarsa ba.

"Ka gaishe ta," in ji mai gareji. "Allah ya sa a dace."

Damina ta yi nisa kafin ya sake jin ƙugin nan. Motar ta shigo duk taɓo, ta tsaya a karkace. Ya hango bayanta, babu katifa, babu kowa. Ya wanke hannu, ya gyara hula, yana harhaɗa kalmomin ta'aziyyar da zai yi wa abokinsa, ya nufi ƙofar direba ya buɗe.

Matar Dogo ce zaune, hannuwanta biyu ƙam a kan sitiyari. "Abokinka ya cika a ɗakin mahaifiyarsa, kamar yadda ya so," ta ce. "Ya ce lallai in zo da kaina in faɗa maka, tun daga kwalta har ƙofar gida, ko rami ɗaya bai ji ba."