Hoton Ya Yi Nauyi

Dandalin cigiya na intanet ya sake dawo da hoton tsohon direba da matarsa, wai ya yi nauyi. Tun safe matar tsohon direban ta fice, ga ciwon mantuwa, ga rana tana faɗuwa. Da 'yarsa ta rage girman hoton, tabon girar da za a gane uwar da shi ya ɓace.

"Baba, tumbinka ne ya cinye wurin. Sai dai in yanke ka."

"Yanke ni, 'yar nan, yi sauri!"

Ta yanke, hoton ya shiga. Tsohuwar ta fito ita kaɗai, sai yatsunsa da suka rage a kafaɗarta.

"In goge su?"

"Bar su," ya ce. "Ta manta fuskata, amma hannun nan ta san shi."