Wanda Ya Shanye Hoton Sama'ila

Sama'ila ya rungumi gorar da antan ɗin telensa ke bisa, ya murɗa ta wajen Dosso, ya ɗaga murya ya tambayi mutanen ɗaki ko hoto ya fito. Barira matarsa ta ce ya fito. Ya saki gora ya shigo yana haki, ya tarar da abin da ya bari: mutane na motsi cikin tele kamar ana hango su ta bayan hayaƙin murhu.

"Wannan ne ya fito?"

Barira ta dubi tele, ta dubi mijinta. "Yadda ka ce, Malam."

Haka gidan yake. Sama'ila direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, ya saba ya faɗa a bi. In ya ce miya ta yi gishiri, to ta yi, ko da mantawa aka yi ba a zuba ba.

Babu abin da bai gwada ba. Ya juya gora wajen Malanbil, tashar Benin ta zo da hazonta. Ya juya wajen Kamba, ta Najeriya ma haka. Ya sauya waya daga sama har ƙasa, ya kankare tsatsar da ke bakin antan, ya sare reshen dogon yaron da bai ci ba bai sha ba. Har masu kuran, wato ma'aikatan wutar lantarki, sun sha zagi, don a cewarsa kwanan nan ko ƙwan fitilar ɗaki ba ya haske kamar da. Ga kokowar takobi, babbar gasar ƙasa ta shekara-shekara, ta matso, kuma Sama'ila ya yarda ya rasa abincin rana da ya rasa kallonta.

Sai hankalinsa ya koma kan gorar Siddo.

Siddo maƙwabcinsa ne tun kafin ɗayansu ya haihu. Katanga ɗaya ta raba su, ita ma an huda mata 'yar ƙofa da mata ke miƙa wa juna wuta da daddawa. Siddo Bazabarme ne, Sama'ila Bagobiri, wato abokan wasa. Irin wannan wasa, ko uban mutum aka ambata dariya ake yi, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya, kuma ɓarakar da ta shiga nan da wuya ta ɗinku.

Bana Siddo ya kafa sabuwar gora wadda ta ɗara ta Sama'ila nesa ba kusa ba, da wani ɗan akwati a wuyanta. Ranar da ya kafa ta ya leƙo ta katanga ya ce, "Bagobiri, sai haƙuri, antan ɗina ƙishirwa gare ta. Duk hoton unguwa za ta shanye."

A ranar Sama'ila ya yi dariya. Yanzu kuwa da ya tuna sai ya ga maganar ba wasa ba ce. A tasha kuma ya sami masu ƙara gishiri, suka rantse masa doguwar antan takan tare hoto tun a sama, ta bar wa gajeruwa dussa.

Ya kira Nura mai gyaran tele. Nura ya hau, ya sauko, ya zauna ya kalli labarai har suka ƙare, yana sosa ƙeya. Da ƙyar ya ce, "Baba, ni dai ban ga laifinta ba." Bayan ya tafi ne Sama'ila ya tuna uwar Nura ƙanwar matar Siddo ce. Ashe an haɗa baki ke nan.

Kamar wannan bai isa ba, Siddo ya tare shi bayan sallar Juma'a, wai ya ɗaga masa hannu a bakin kasuwa, Sama'ila kuma ya dube shi ya wuce. Sama'ila bai ga wani Siddo a bakin kasuwa ba. Ya ce a ransa, mai laifi ne ke rigan kai ƙara.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ba ta tele yake yi ba kuma. Mutumin da ya kama masa makarar mahaifinsa, shi ne yau zai cuce shi a fili yana kiran abin wasa? Ranar da aka buɗe kokowa ya yanke shawara: ko Siddo ya sauke gorarsa, ko gobe a toshe 'yar ƙofar nan da laka, kowa ya kama gabansa.

Bayan la'asar ya saɓa rigarsa. Barira ta tari gabansa. "Malam, akwai maganar da na daɗe ina so in…"

"In na dawo."

Ya tarar da Siddo a rumfa, tele bisa benci, kiɗan kokowa na tashi. Ko sallamar kirki bai yi ba, ya kai ido wajen tele don ya ga hoton da aka sace masa. Sai ya ga hazo, irin na gidansa sak. Ya ƙara matsawa kusa. To wa ke shanye na Siddo? Ko akwai wata gorar da bai lura da ita ba?

"Bagobiri, zauna!" in ji Siddo, yana matsa masa a tabarma. "Yau kam hoto tas. Dubi wancan ƙaton, har layun da ke damtsensa ana gani ɗaya bayan ɗaya."

Sama'ila ya juyo a fusace don ya ce masa maƙaryaci ido cikin ido, ya tsura masa ido sosai, sai ga hazo nan ma. Hazon na kwance a fuskar Siddo, yana kan ginshiƙin rumfa, yana kan tafin hannun shi kansa Sama'ila da ya ɗaga ya duba, domin ba daga sama yake saukowa ba, a cikin idanunsa yake.