Ƙwan Dodon Gungu

"Wannan ƙwansu ne, a nan aka tono shi," in ji mai yi wa baƙi bayani, yana nuna akwatin gilashi. "Tun bayansu ba wanda ya zauna a tsibirin nan."

Tsohon matuƙin ya ji maganar kamar mari. A gungun nan aka binne cibiyarsa, kafin ruwan Kainji ya tashe su. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, wani attajiri ya share kufansu, ya kafa dodannin siminti masu dogon wuya, wai ƙadangarun farkon duniya, ya mai da wurin gidan kallo. Shekara biyu yana kawo baƙi daga Warra a kwalekwale, sai yau ya yarda ya shigo.

Ya ɗaga filafilinsa ya rotsa gilashin.

"Baba, shekararsa miliyan!"

Tsohon ya juya ƙwan, yatsunsa suka zauna daidai inda ya lotsa.

"Ɗan dutsen niƙan innata ne," ya ce. "Ga inda hannunta ya cinye shi."