Saƙo na Biyar

Kowace ranar kasuwar Dungas, kafin Ɗela ta baje gyaɗarta, sai ta tsaya a rumfar Illa mai cajin waya ta sayi forfe, wato datar waya, na dala arba'in. Shi ne mafi ƙanƙanta, megansa bai taka kara ya karya ba, amma yana isarta ta sauke bidiyo guda na ɗanta Rabilu. Guda ɗaya tal. Ba ta taɓa neman na biyu ba.

Rabilu ya tafi haƙar zinariya Jado tun kakar bara. Can babu rezo, waya ba ta kama sabis, sai ya riƙa ɗaukar kansa a waya yana ajiyewa. Ranar da ya fito gari mai rezo ya turo mata guda biyar a tare. A ranar ba ta da mega ko na magani, sai dai ta ga hotuna biyar dishi-dishi, kowanne da ɗan zobe a tsakiya yana jiran a taɓa shi.

Illa ne ke taɓa mata zoben, don ita ba ta san kan wayar ba. Abokin Rabilu ne tun suna kiwon awaki. Da zoben ya cika sai ya miƙo mata wayar, ya juya baya ya kama gyaran wayoyin da ba su lalace ba.

Ba ta kallo a kasuwa. Sai ta koma ƙauyensu Kwaya ta zauna a gindin rumbu, ta jingina wayar da turmi. A na farko yana dariya, yana nuna mata bakin ramin da suke shiga. A na biyu ya rame, yana tambayar ko gero ya yi kai. A na uku iska kawai ke kuka a bayansa, ya waiga sau biyu kamar wanda aka kira. A na huɗu ya ce, "Inna, na kusa tasowa. Ki tanadar mini fura mai yaji."

Duk sanda muryarsa ta tashi a gidan, jakinsa sai ya miƙe kunnuwa ya ja igiya har turken ya girgiza. Matan maƙwabta kuma su tsayar da daka. Ɗela ba ta kula su. Ɗanta ne ke magana, wanda abin bai yi masa ba ya toshe kunne.

Yau ta zo kasuwa da hidima a kanta, domin gobe gidanta zai cika da mutane saboda Rabilu. Ta auni shinkafar tuyar masa, ta ƙulle jikka guda, dala ɗari biyu, ta kuɗin man tuya a bakin zane, sannan ta ajiye wa Illa dala arba'in ɗin da ta saba.

Ya taɓa zobe na biyar. Zoben ya fara zagayawa a hankali, ya kai rabi, ya tsaya cak. Sai ga saƙo ya shigo: mega ya ƙare.

"Inna, wannan dogo ne, ya fi huɗun can nauyi," in ji Illa a hankali. "Kuma kar ki ce sai kasuwa mai zuwa. Irin waɗannan in sun jima ba a sauke ba, sukan ƙi buɗuwa gaba ɗaya."

Wato magana ma tana lalacewa kamar gyaɗar da ta sha damina? Ba wanda ya taɓa gaya mata haka. Ta dubi fuskar da ke dishi-dishi a bayan zoben, tsoro ya kama ta, irin wanda rabonta da shi tun Rabilu na goye yana ƙyanda.

"Forfe na nawa zai ɗauke shi?"

"Sai na jikka."

Ta kwance bakin zanen ba ta ko ja numfashi ba. Masar gobe ta soyu da man aro.

Forfe ya shiga, sai kuma rezo ya ce bai san zance ba. Ranar kasuwa ce, kowa da wayarsa a kunne. Illa ya bar wa maƙwabcinsa rumfa, suka haura tudun da ke bayan kasuwar dabbobi. Ya ɗaga wayar sama a cikin rana, Ɗela na tsaye a gefensa tana salati. Zoben ya motsa, ya tsaya. Ya sake motsawa. Gumi na bin hannun Illa har gwiwar hannu, amma bai sauke ba.

Zoben ya haɗe. Fuskar ta fito tar: Rabilu ne da sabon rawani, a jikin wata mota maƙare da kaya da mutane, bakinsa a buɗe zai fara magana.

Illa ya kai yatsa zai kunna, ta cafke masa hannu da ƙarfin da bai zata ba.

"Ya sauka duka?"

"Duka, Inna."

"Ba zai gudu ba?"

"Yana cikin wayar yanzu. Ko babu mega, ko shekara nawa ne."

"To bar shi haka."

Illa ya dube ta, idanunsa suka kawo ruwa, ya sunkuyar da kai. Ta naɗe wayar a ƙyalle ta cusa a ƙirji, ta ɗauki ƙullin shinkafarta ta nufi amalanken Kwaya.

Ba za ta buɗe shi yau ba, ba kuma kasuwa mai zuwa ba. Muddin na biyar na rufe, Rabilu yana da sauran maganar da bai faɗa wa uwarsa ba tukuna. Motar da ke cikin hoton ita ce ta kife da su a hanyar Agadas, kuma gobe da safe za a raba masar sadakar arba'in ɗinsa.